Ma'abota Alƙalami da Ma'abota Takobi: Hakiman Ƙasar Sin a Hotunan Farko

 



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta yau ta shafi ƙasa mai nisa da zamanin da ya shuɗe, wato kamannin manyan ma'aikatan daular Sin, na mulki da na yaƙi, waɗanda malaman tarihi na Musulunci za su kira ma'abota alƙalami da ma'abota takobi, kamar yadda suka bayyana a hotunan farko da aka ɗauka tsakanin shekarar 1844 da faɗuwar daular a 1912. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, kuma a galibin al'amuran duniya haka maganar take; amma ina so in nuna muku, da hujjar waɗannan hotuna, cewa akwai ganin da ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai ji ya tallafe shi, domin hoto shaida ne, kuma kowane alƙali ya san ba a yanke hukunci da maganar shaida sai an san ko shi wane ne, an san wanda ya kawo shi, an kuma yi masa tazkiyya.

Gidan sarautar da muke magana a kansa shi ne na Qing, wanda ƙabilar Mancu, mutanen arewa maso gabas, mahaya dawakai kuma maharba, suka kafa, suka kuma shiga Beijing a 1644. Da yake su 'yan kaɗan ne a kan al'umma mai ɗimbin yawa, wadda a tsakiyar ƙarni na 19 ta kai kimanin mutum miliyan 400, sai suka riƙe tsarin mulkin da suka tarar, suka bar jarrabawa ta zama ƙofar shiga aikin hukuma, amma suka tilasta wa kowane namiji, tun daga 1645, ya aske gaban kansa ya bar dogon tukku kitsattse a baya, alamar mubaya'a, wanda ya ƙi kuwa hukuncinsa kisa. Ma'aikatan mulki masu muƙami a dukkan wannan ƙasa ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma hanyar da aka fi girmamawa ta isa can ita ce mutum ya share shekaru yana haddar littattafan Konfushiyas da sharhohinsu, ya ci jarrabawar gunduma, ya ci ta lardi, sannan ya ci ta babban birni wadda ake yi duk bayan shekara uku, 'yan ɗaruruwa kaɗai ke tsallakewa. Saboda haka idan kuka ga dattijo a hoto zaune bisa kujera, hannuwansa a kan gwiwa, ƙumbunansa zaƙo-zaƙo don a san bai taɓa riƙe fartanya ba, ku sani a idon mutanensa malami ne kafin ya zama hakimi.

To, yaya suke a hoton? Abin da ido ke fara sauka a kai shi ne riga mai duhu, shuɗiya har ta kusa baƙi, mai maɓallai a gaba, wadda ake ɗorawa a kan doguwar riga ta ciki, a ƙirjinta da bayanta kuma an liƙa wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da aka yi wa ɗinkin ado da siliki da zaren zinariya. Wannan ƙyalle shi ne tambarin muƙami. An kasa ma'aikata daraja tara, ma'abota alƙalami aka ba su tsuntsaye, ma'abota takobi aka ba su namun daji. A ɓangaren alƙalami, mai daraja ta ɗaya gauraka ce a ƙirjinsa, ta biyu wani kazan daji mai launin zinariya, ta uku ɗawisu, ta huɗu dinya, ta biyar kazan daji mai launin azurfa, ta shida balbela, ta bakwai, wadda ita ce darajar hakimin gunduma, agwagwar ruwa, ta takwas salwa, ta tara wani ɗan tsuntsu mai dogon wutsiya. A ɓangaren takobi kuwa, mai daraja ta ɗaya yana ɗauke da wata dabbar almara da suke kira cilin, ta biyu zaki, ta uku damisa, ta huɗu babbar damisar Asiya mai zane-zane, haka har zuwa karkanda, da dokin da ke sukuwa a kan teku a daraja ta ƙarshe. 'Ya'yan sarki na kusa su nasu tambarin da'ira ne mai siffar dodon da Sinawa suka mayar alamar sarauta.

Ba a nan rubutun ya ƙare ba, domin hakimin Sin tun daga kai har ƙafa takarda ce da ake karantawa. Da rani yakan sa malafa mai tsini wadda jan geza ya lulluɓe, da hunturu kuma hula mai naɗaɗɗen baki na gashin dabba ko karan-miski, ranar sauya ɗaya da ɗaya kuwa hukuma ce ke sanarwa, ba jin zafi ko jin sanyin mai hula ba. A ƙololuwar hular akwai ɗan dunƙulen dutse wanda launinsa ke faɗin daraja: jan yaƙutu ga ta ɗaya, murjani ga ta biyu, shuɗin yaƙutu ga ta uku, shuɗin dutse marar sheƙi ga ta huɗu, farin dutse garai-garai ga ta biyar, fari marar sheƙi ga ta shida, daga nan sai ƙarfe mai ruwan zinariya. A wuya akwai dogon dutsen wuya mai ƙwaya 108, wanda asalinsa daga carbin mabiya addinin Buda ne, kuma ba a yarda wa kowa shi ba sai mai daraja ta biyar zuwa sama a ɓangaren alƙalami, ta huɗu zuwa sama a ɓangaren takobi. Bakin hannun riga an yanka shi kamar kofaton doki, tunawa da asalin Mancu, takalmin kuma baƙi ne dogo mai farin ƙasa mai kauri. Wanda sarki ya yarda da aikinsa yakan ba shi gashin ɗawisu ya soke a bayan hula, mai ido ɗaya ko biyu ko uku, ko ya tufatar da shi gajeriyar riga rawaya ta hawan doki, launin da ya keɓanta ga gidan sarki. Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake gane ɗan sarki da naɗin rawaninsa, ake kuma gane girman basarake da alkyabbar da aka yafa masa, ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

A nan ne shaidarmu ya fara nuna rauninsa na farko. Hotunan wancan zamani ba su da launi, kuma maganin da ake shafa wa farantin gilashi, bisa hanyar da wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Scott Archer ya bayyana a 1851, yana jin hasken shuɗi ƙwarai, amma kusan makaho ne ga ja da rawaya, ta yadda abin da yake shuɗi kan fito da haske, abin da yake ja ko rawaya kuwa ya fito da duhu. Ma'anar wannan ita ce, dutsen hula, wanda talakan Sin kan hanga daga nesa ya san irin gaisuwar da zai yi, ya zama ɗan ɗigo mai toka-toka a hoto, rigar rawaya kuma, wadda jarumi kan sayar da ransa don ya same ta, ta koma riga mai duhu kamar ta kowa. Tsarin da aka gina a kan launi ya faɗa hannun na'urar da ba ta san launi ba, har ya zama wanda bai riga ya karanta dokokin tufafin ba zai kalli hoton ya ɗauka ya ga komai, alhali rabin maganar ta ɓace masa.

Rauni na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne sanin wanda ke riƙe da na'urar da halin da aka zauna gabanta. An bayyana sana'ar ɗaukar hoto ga duniya a birnin Faris a 1839, shekarar da rikicin ofiyam tsakanin Ingila da Sin ya rikiɗe ya zama yaƙi, saboda haka kyamara da jirgin yaƙi kusan tare suka iso gaɓar Sin. Ɗaya daga cikin hotuna mafi daɗewa na wani babban hakimin Sin shi ne na Qiying, Bamance ɗan gidan sarauta, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar Nanjing ta 1842 da ta miƙa tsibirin Hong Kong ga Ingila, kuma wani ma'aikacin kwastan na Faransa, Jules Itier, ya ɗauke shi a 1844, lokacin da Faransa ta zo karɓar nata rabon gatan. Shekara goma sha shida bayan haka, a watan Oktoban 1860, bayan sojojin Ingila da Faransa sun shiga Beijing, an wawashe fadar shaƙatawa ta Yuanmingyuan an kuma banka mata wuta, sarki ya gudu arewa ya bar ƙanensa Yarima Gong, saurayi ɗan shekara 27, ya sa hannu a takardar sulhu. Janar Hope Grant, kwamandan sojojin Ingila, ya ruwaito cewa a wurin sa hannun, da mai ɗaukar hoto Felice Beato ya girke na'urarsa bisa ƙafafunta ya auna Yarima da ita, sai fuskar Yarima ta sauya don firgita, yana zaton wani makami ne za a harba. Hoton ranar bai fito ba saboda ƙarancin haske, sai a farkon Nuwamba Beato ya sami ɗaukarsa, kuma hoton da ya fito na saurayi ne mai ɗaurarriyar fuska. Turawa da yawa sun karanta girman kai ko rauni a wannan fuska. Mai adalci kuwa zai tuna cewa mutum ne da aka ƙone gidan kakanninsa makonni biyu da suka wuce, yana zaune gaban waɗanda suka ƙone shi.

Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ga waɗannan mutane sai an yi hattara, saboda dalilai biyu. Na farko na sana'a ne: farantin gilashi yana bukatar mutum ya daskare na wasu daƙiƙoƙi ba motsi, wanda kuwa aka hana shi motsi ba zai fito da sakin fuska ba. Na biyu na tarbiyya ne: Sinawa sun daɗe da al'adar zana surar iyaye da kakanni don ajiyewa a ɗakin tunawa da su, kuma ƙa'idar wannan zane ita ce a nuna mutum gaba da gaba, zaune, jikinsa duka, cikin kayan muƙaminsa, fuskarsa a natse. John Thomson, mutumin Sikotilan, wanda ya zaga ƙasar Sin tsakanin 1868 da 1872 da 'yan dako ɗauke da gilasai da magunguna, ya kuma buga hotunansa 200 cikin mujalladi huɗu a 1873 da 1874, ya ba da labarin cewa masu zuwa ɗaukar hoto a Hong Kong sukan nace a nuna kunnuwansu biyu daidai wa daida, kada kuma inuwa ta faɗi a fuska, alhali Bature a ganinsa inuwa ce ke fito da surar mutum. Shi ya sa za ku ga hakimi a tsakiyar hoto, ƙafafu a ware, tebur a gefensa da kofin shayi da tukunyar fure, wani lokaci da lofe. Abin da Bature ya kira taurin jiki, a wurin mai shi waƙari ne da kamun kai, siffar da yake so jikokinsa su gada a matsayin surarsa.

Shi Thomson ɗin ya sami abin da kaɗan suka samu, domin ya ɗauki Yarima Gong karo na biyu, bayan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu da hoton Beato, yana zaune a waje cikin natsuwa, ya kuma ɗauki waziran ma'aikatar hulɗa da ƙasashen waje da aka kafa a 1861, dattawa cikin tufafi marasa ado. Idan aka jera hoton 1860 da wannan, za a ga cewa mutum guda ne, halin da yake ciki ne ya bambanta. Ba kuma Turawa kaɗai ke sana'ar ba: Lai Afong ya buɗe shagonsa a Hong Kong ya yi suna har Thomson ya yabe shi, Liang Shitai kuma shi ya ɗauki Li Hongzhang tare da tsohon shugaban Amurka Ulysses Grant a Tianjin a 1879, su biyu zaune, tebur a tsakaninsu, babu wanda ya fi wani tsawon kujera. Wannan hoto hujja ce cewa hakiman sun fara gane na'urar nan ana iya sa ta yi musu aiki.

Rauni na uku shi ne shaidar zur. Milton Miller, Ba'amurke da ya yi aiki a Hong Kong da Kanton a farkon shekarun 1860, ya bar hotuna masu kyan gaske na hakimai da matansu, waɗanda aka daɗe ana bugawa a littattafai a matsayin surar manyan Sin. Amma da masanin tarihin fasaha Wu Hung ya jera su ya ƙura musu ido, sai ya nuna cewa fuskoki guda ne ke maimaituwa cikin tufafi dabam dabam da laƙabi dabam dabam, abin da ke nuna an tufatar da wasu mutane ne don a sayar wa baƙi hoton da suke marmari. Ko a inda mai rigar shi ne mai ita na haƙiƙa, akwai sauran tambaya, domin lokacin tawayen Taiping, wanda aka yi daga 1851 zuwa 1864 ya kuma ci rayukan da ake ƙiyasta sun kai miliyan 20, baitulmali ya bushe, hukuma ta buɗe ƙofar sayar da muƙamai da laƙabobi fiye da da, har attajirin da bai ci jarrabawa ba kan sayi daraja ya ɗinka tambarinta ya je a ɗauke shi hoto. Kyamara ba ta da hanyar rarrabe tsuntsun da aka samu da haddar shekara ashirin da wanda aka samu da azurfa.

Sai mu juya ga ma'abota takobi, waɗanda a idon jama'a darajarsu ba ta kai ta ma'abota alƙalami ba ko da lambar muƙaminsu ɗaya. Su ma suna da tasu jarrabawar: harbin kibiya a kan doki da a ƙasa, jan baka mai tauri, juya takobi mai nauyi, da ɗaga dutse, kuma ba a soke ta ba sai a 1901, shekara arba'in bayan bindigogin Turawa sun kai ƙofar Beijing. Don haka a hotuna za ku ga jarumi da kwari da baka, da zoben harbi a babban yatsa, wani lokaci cikin sulken ado mai jerin ƙusoshi da kwalkwali mai dogon tsini, kayan da a lokacin sun fi dacewa da ranar hawa fiye da ranar gumurzu. Abin mamaki kuma shi ne, waɗanda suka ceci daular daga Taiping ba daga wannan jarrabawa suka fito ba: Zeng Guofan da almajirinsa Li Hongzhang malamai ne da suka ci babbar jarrabawar alƙalami, a 1838 da 1847, suka tara rundunoni daga lardunansu, saboda haka manyan kwamandojin zamanin tsuntsu ne a ƙirjinsu, ba zaki ba. A wannan yaƙi ne aka ba wani hafsan Ingila, Charles Gordon, rigar rawaya, shi ne kuma wanda mutanen Mahadi suka kashe a Khartum a 1885. Haka nan akwai Musulmin Sin da dama a cikin hafsoshin daular, kamar Janar Zuo Baogui, wanda ya rasu a fagen daga a Pyongyang a watan Satumban 1894 yana yaƙar Japan, aka kuma ruwaito cewa rigarsa rawaya ya saka ya hau ganuwa don mutanensa su gan shi su dake.

Idan ana neman mutum guda da rayuwarsa ta tattara wannan tarihi, to Li Hongzhang ne, dogon mutum mai siririn gemu, wanda ya riƙe lardin da ke kewaye da babban birni daga 1870 har shekara 25, wanda kuma hotunansa suka yi yawa ƙwarai. An ba shi rigar rawaya da gashin ɗawisu mai ido uku, aka tuɓe masa su a 1894 da Japan ta fara rinjaye, aka mayar masa da su don ya je neman sulhu a Shimonoseki a 1895, inda wani ɗan Japan ya harbe shi a kunci. A 1896 ya zaga Rasha da Jamus da Faransa da Ingila da Amurka, aka ɗauke shi hoto tare da tsohon shugaban gwamnatin Jamus, Bismarck, a watan Satumban 1901 kuma, yana tsoho tukuf, ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ɗora wa Sin diyyar azurfa awo miliyan 450 na ma'auninsu, bai ƙara cikakken wata uku ba ya rasu. Wanda ya bi hotunansa a jere zai ga tufafin ba su sauya ba, tambari yana nan, hula tana nan, amma ikon da ke bayansu yana zagwanyewa shekara bayan shekara. Bayansa sauyi ya zo da gaggawa: sabuwar rundunar da Yuan Shikai ya fara horarwa a 1895 ta sa kaki irin na Turai, hafsoshi suna cusa tukku a ƙarƙashin hular soja, aka soke jarrabawar alƙalami a 1905, a watan Fabrairun 1912 kuma aka sauke sarki na ƙarshe yana yaro ɗan shekara shida, tamburan ƙirji suka koma kayan da ake sayar wa baƙi a kasuwa.

Ya ku 'yan'uwa, ban kawo waɗannan raunuka don in ce a yi watsi da hotunan ba, domin ba mu da wata taska da ta kai su wajen sanin yadda waɗannan mutane suke tsayuwa da zama da sa tufafi, kuma wajibinmu ne mu dube su da mutunci, kasancewarsu mutanen da aka ɗora wa riƙon ƙasa a lokacin da ƙarfin duniya ya juya musu baya, wasunsu suka yi gaskiya, wasunsu suka ci amana, kamar kowace al'umma. Abin da nake roƙo, musamman ga ɗalibanmu masu nazarin tarihi, shi ne ku yi wa hoto abin da malamanmu suka koya mana a yi wa ruwaya: a binciki isnadinsa kafin a karɓi mataninsa. Ku tambayi wanda ya ɗauka da dalilinsa, ku tambayi wanda aka ɗauka da halin da yake ciki a ranar, ku tambayi abin da na'urar ta kasa gani, ku kuma tambayi wanda ya rubuta sunan da ke ƙarƙashi da inda ya samo shi. Wanda ya lazimci wannan ladabi zai amfana da shi a kan hotunan Sin, zai kuma amfana da shi a kan kowane hoto da mai nasara ya ɗauki wanda ya ci da yaƙi, a kowace ƙasa aka ɗauke shi.

 Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba mu adalci wajen hukunta na da da na yanzu.